Albarkar uwa ce ke ɗaga kofi?

Baban Hanifa: Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina a ɓace yake, ku bar ni in fesar. Daren Asabar maiɗakina ta aiki babban ɗanmu kantin magani, hawan jininta ya tashi. Yaron nan bai dawo ba sai wajen sha ɗaya, maganin na aljihunsa, kwalin har ya jiƙe da gumi. Ashe gidan kallo ya zarce, wasan ƙarshe na Zakarun Turai na 2025. Ni ma ina kallo, duk bazara idan gasannin Turai suka zo ƙarshe ina lura da masu ɗaga kofi. Ku dubi Hakimi, ɗan Maroko mai buga wa PSG. Shi ya fara ci a minti na 12 da PSG ta lallasa Inter 5-0 a Munich, kuma bai yi murna ba, hannu ya ɗaga yana ba tsohon kulob ɗinsa haƙuri. Wannan yaron ne ya haura wajen 'yan kallo a Qatar a 2022 ya sumbaci mahaifiyarsa, matar da ta yi aikatau a gidajen mutane a Madrid. Albarkar uwa ce ke ɗaga kofi. Nawa kuwa ya bar tasa uwar a kwance don ya kalli wanda bai taɓa barin tasa ba.

Malam na Fagge: Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya shirya mana zuri'a.

Ɗan Barça: Amin. Amma Yaya, ka cire kalmar albarka. Kuɗin Qatar ne. Tun 2011 suka sayi kulob ɗin suna zuba dukiya. Kuma kocin ma Luis Enrique ne, namu, da ya ci kofi uku a 2015.

Baban Hanifa: Kuɗin suna nan lokacin Neymar da Messi da Mbappé, me suka ɗauko a Turai? Kuɗi daban, albarka daban.

Gunner Sabon Gari: To Harry Kane fa? Mutumin da ya auri yarinyar da suka sani tun makaranta, ba a taɓa jin shi da hayaniya ba. Sai da ya kai shekara 31 kafin ya taɓa kofi, shi ma sai da ya koma Bayern. Ina albarkar ta tsaya duk shekarun nan?

Malam na Fagge: Ɗana, albarka ba kofi ba ce. Kuna ɗaukar kalma mai nauyi kuna wasa da ita. Albarka ƙaruwar alheri ce a abu, ko da kaɗan ne. Mai sayar da goro zai iya fin mai biliyan albarka.

Ɗan Barça: Kun ji ko? Malam ya goyi bayana.

Malam na Fagge: Ban goyi bayanka ba. Kai ka ce babu ita sam, ni na ce ba a auna ta da ƙarfe.

Gunner Sabon Gari: Kuma Tottenham ce ta tauye Kane, kowa ya sani.

Spurs Har Abada: A watan Mayun 2025 mu Tottenham muka ɗauki Europa a Bilbao. Ku 'yan Arsenal me kuka ɗauka? Tun 2004 har 2025 ba ku ɗauki Firimiya ba. Kar ka ƙara sa mu a bakinka.

Gunner Sabon Gari: Na goma sha bakwai a tebur yana magana!

Maman Sadik: Ku yi haƙuri in sa baki. Duk kuna ta uwa, uwa. Matar aure fa? Shi Hakimin ai aurensa ya mutu a 2023, da 'ya'ya biyu a tsakani. Ba na zaginsa, ban san abin da ya haɗa su ba. Amma wanda za a kira mai riƙon iyali sai an duba ɗakin matarsa ma, ba hoton filin wasa kaɗai ba. Ita ma watarana uwar wani ce.

Ɗan Pillars: Ai shi ya sa ya rubuta duk dukiyarsa da sunan mahaifiyarsa. Namiji kenan!

Maman Sadik: Kawo takardar kotun da ta ce haka, ƙanina. A Facebook kuka gani kuka yi ta yaɗawa don ya yi muku daɗi. Kuma ko gaskiya ne, wannan wayo ne, ba albarka ba.

Ɗan Pillars: Ni dai in ana maganar albarka a fara da Ahmed Musa. Ya ci Ajantina biyu a 2014, ya ci Iceland biyu a 2018, ya dawo ya sa rigar Pillars a 2021, ya gina wurin wasanni a Kano. Kuna ta kiran na waje.

Ɗan Jos: A Jos aka haife shi, ku daina kwashe mana shi.

Ɗan Pillars: A Kano duniya ta san shi.

Sani Damagaram: Ba wanda ya ambaci Sadio Mané? Asibiti da makaranta ya gina a Bambali, ƙauyensu. Sannan Alhaji, lokacin da suke ciki a Turai ba bazara ba ce, su furanni ke tohowa, mu rana ke gasa mu.

Ɗan Barça: To me za a kira shi? Damina?

Baban Hanifa: Jama'a, a kan ɗana na yi magana. Tun jiya bai haɗa ido da uwarsa ba, ni kuma na rasa ta inda zan fara.

Shugaban Zaure (Hala Madrid): To, an tattauna sosai. Abin da aka cimma: albarka gaskiya ce, kuma Malam ya tabbatar. An yarda Hakimi yaro ne mai tarbiyya, ba mamaki, a makarantar Real Madrid ya taso, da mu ya fara ɗaga kofin a 2018. Hujjar Ɗan Barça ta kuɗi ta faɗi. Maganar Maman Sadik a bar ta, sirrin gidan mutane ne. Baban Hanifa, ka sa yaron ya koma goyon bayan Madrid.

Maman Sadik: Wa ya yarda? Ni ba a tambaye ni ba.