Sun ce bidiyon da na haɗa musu ya yi kyau da yawa, ku ba ni shawara

Mai Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata matsala ce ta tsaya mini a rai tun shekaranjiya, na ce bari in kawo ta nan tunda akwai manyanmu a sana'a. Shekarata shida ina ɗaukar bidiyo, yawanci biki da suna, sai ɗan waƙoƙin soyayya jefi-jefi. Watan jiya wasu ɗalibai huɗu suka same ni, suna da ƙungiyar kiɗa: masu jita biyu, mai jitar bes ɗaya, da mai ganga. Suka ce kiɗansu altanatif rok ne. Waƙar rabi Turanci ce rabi Hausa, tana magana a kan saurayin da ya gama makaranta, aiki ya ƙi samuwa, ya koma zaman ɗaki. Muka yi ciniki, suka ba ni rabin kuɗi.

Na yi musu irin aikin da na saba. Na aro mota ta gani ta faɗa, na samo gida mai bene, na tashi ɗan jirgin ɗaukar hoto, na baza fitilu. Ranar ɗauka na ga jikinsu a sanyaye, na ɗauka kunyar kyamara ce. Da na kai musu aikin suka kalla har ƙarshe ba wanda ya tanka, sai mai gangar ya ce, "Yaya, ya yi kyau da yawa." Har na fara murmushi. Ashe ƙi ne.

To don Allah, mene ne tsarin bidiyon irin wannan kiɗan? Su wa ke kallonsa? In zan sake, ta ina zan fara? Abin da ya rage a hannuna ba zai yi hayar ko keke ba.

Baban Hanifa:
Wa'alaikumus salam. Ƙanena, yaran nan ba raina ka suka yi ba, gaskiya suka faɗa maka da harshen gidansu. Ni na yi zamanin kallon tashar MTV ta tauraron ɗan'adam, bari in ba ka asalin abin.

An buɗe MTV a Amurka ranar 1 ga Agusta 1981. Cikin shekarun da suka biyo baya, bidiyon rok na kasuwa ya cika da manyan motoci, gashi a tsefe kamar kan zaki, 'yan mata, da dandali mai walƙiya. A gefe guda kuma akwai ƙananan ƙungiyoyi da ba a sa su a manyan gidajen rediyo, sai a rediyon jami'o'i da ɗalibai ke gudanarwa. Su ne aka riƙa kira altanatif, wato na daban, waɗanda suka bar babbar hanya. A 1986 MTV ta ware musu shiri mai suna 120 Minutes, ana sa shi can cikin dare. Ka ga tun daga nan an san masu kallo: ɗalibai da matasan da suka ƙosa da ƙyale-ƙyale, masu ganin duk abin da ya cika sheƙi to talla ce.

A wannan shirin aka fara nuna bidiyon ƙungiyar Nirvana na waƙar Smells Like Teen Spirit, ƙarshen Satumba 1991. Je ka kalle shi. Zauren wasanni ne na makaranta, haske ja-ja kamar hazo, hayaƙi, mawaƙin gashi ya rufe masa fuska, kayan jikinsa irin na zaman gida, ɗalibai zaune a kan benci, daga ƙarshe suka sauko suka hargitsa wurin. Waɗannan ɗaliban ma masoyan ƙungiyar ne aka gayyato. Zuwa Janairu 1992 faifansu Nevermind ya ture na Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard.

Abin da zai kwantar maka da hankali: wanda ya ba da umarnin bidiyon, Samuel Bayer, aikinsa na farko ke nan, kuma shi ma Kurt Cobain, mawaƙin ƙungiyar, bai yarda da haɗin da ya fara yi ba, sai da aka koma aka sake yankawa. Kai ba farau ba ne.

Na Bakin Kasuwa:
Wato an ce maka miya ta yi daɗi da yawa, a rage nama. Allah ya kawo mu zamani. Ni dai in mota ce ba sa so, a turo mini ita.

Anti Malama:
Ɗana, bar batun kyau da muni tukuna. Matsalar bidiyonka ita ce hoton yana ƙaryata waƙar. Yaro yana kukan rashin aiki, kai kuma ka jingina shi da motar miliyoyi.

Akwai wani masani ɗan Ingila, Andrew Goodwin, da ya yi littafi a kan bidiyon waƙa a 1992, shi muke koyar da ɗalibai. Ya ce alaƙar hoto da baitin waƙa iri uku ce. Ko hoton ya nuna abin da baitin ya faɗa kai tsaye, ko ya ƙara masa wata ma'ana da ba a furta ba, ko kuma ya saɓa masa da gangan. 'Yan altanatif sun fi son na biyu da na uku. Naka ya faɗa na ukun ne, amma bisa tsautsayi, shi ya sa ya zama ƙarya maimakon habaici. Da a ce ka nuna motar ta wuce ta watsa masa ƙura yana tsaye bakin titi da takardunsa a leda, da motar ta yi aiki.

Misali biyu daga Radiohead, 'yan Ingila. A bidiyon Just na 1995, wani mutum cikin kwat ya kwanta a gefen titi. Jama'a suka taru suna tambayarsa lafiya, ana rubuta maganarsu a ƙasan allo, 'yan ƙungiyar kuma suna kiɗa a wani ɗaki a sama suna leƙowa ta taga. Ya ƙi faɗin dalili. Da suka matsa masa ya buɗe baki, sai rubutun ya ɗauke, ba ka san abin da ya ce ba, sai kawai ka ga duk jama'ar sun kwanta. Har yau masoyansu na gardama a kan me ya faɗa. Na biyu, No Surprises na 1998: fuskar mawaƙin ce kaɗai cikin wata hular gilashi, ruwa yana tasowa a hankali har ya shanye kansa. Babu wuri na biyu, babu mutum na biyu.

Masu kallon nan ba sa son a tauna a ba su. Suna son a bar musu ɗan abin da za su kwana suna juyawa, su zo gobe su yi musu da abokansu. Mu da muka saba da fim ɗin da sai an bayyana komai kafin a tashi, wannan ɗin yana mana wuyar haɗiya, ni kaina sai da na koya.

Ɗan Damagaram:
Baba da Anti, ku yi haƙuri in ɗan saɓa. Duk abin da kuka kawo na Seattle, inda Nirvana ta yi tashe, da Landan ne, shekara talatin da suka wuce. Yaran nan ba a MTV za a nuna su ba. A waya za a kalle su, allo kamar tafin hannu, da data ta naira kaɗan. In ya yi duhun nan na Nirvana, a waya baƙi ƙirin za a gani, mutum ya ɗauka lalacewa ya yi ya wuce.

Kuma ba sai an je nesa neman misalin jita ba. Mdou Moctar ɗan Nijar ne, faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, ta katin waya da bulutut waƙoƙinsa suka bazu. Yau yana ƙarƙashin kamfanin Matador na Amurka, gidan 'yan altanatif na asali, su suka fitar masa da Afrique Victime a 2021. Bombino na Agadas kuma, Dan Auerbach na The Black Keys ne ya shirya masa faifan Nomad a 2013. Su waɗannan da rawaninsu suke hawa dandalin Turai, kuma a wuraren biki suka goge da kiɗa, irin bikin da kai kake ɗauka. Masu sauraron rok na can abin da ya ja su ke nan, sun ga mutum a yadda yake. Idan ka sa wa yaranka rigar sanyi mai zane-zane irin ta Seattle a wannan zafin namu, ka sake yin ƙarya ce ta biyu, mai datti a madadin mai sheƙi.

Baban Hanifa:
Ɗan Damagaram, ka yi gaskiya a batun waya, ban yi wannan tunanin ba. Amma bari in ƙara abu ɗaya don kada ƙanenmu ya ɗauka sakaci ake nema. Zauren makarantar nan na Nirvana ba makaranta ba ce, ɗakin ɗaukar fim ne kusa da Los Angeles aka shirya, hayaƙin da hasken duk tsara su aka yi. Dattin ma aiki ne. Kuma tsoron zama ɗan talla a wurinsu ba wasa ba ne: 'yan ƙungiyar Pearl Jam sun ci kyautar bidiyon shekara ta MTV a 1993 da waƙar Jeremy, sai suka daina yin bidiyo, ba su sake ba sai 1998, shi ma zane ne, ba su fito a ciki ba.

Mai Yankan Hoto:
Abokina, ni maganar aiki zan yi. Masu kallon rok da yawansu suna koyon jita ne, idonsu na kan yatsu. In mai jita yana danna wani wuri sautin yana fitowa daga wani, za su gani. In wayar jitar ba a jone take da amfilifaya ba, za su gani, su yi maka dariya a ƙasan bidiyo. Ka kunna musu waƙar da ƙarfi, su buga da gaske, mai ganga ya daki fata har gumi ya fito. Ka ɗauki waƙar daga farko zuwa ƙarshe sau da yawa: sau ɗaya dukkansu, sannan kowa shi kaɗai, sannan hannaye zalla. Kada ka manne wa mawaƙi kamar ango. Ƙungiya ce, mai bes ma yana da uwa da za ta kalla.

Sauke kyamarar daga kan ƙafarta ka riƙe a hannu. Fitila ɗaya ta isa, ko hasken taga da la'asar. Yawancin waƙoƙin nan baiti a hankali yake tafiya, amshi kuma ya fashe da ƙara, salon da Cobain da bakinsa ya ce a wurin ƙungiyar Pixies ya kwaikwayo. To yankanka ya bi haka: a baiti ka bar hoto ya daɗe, a amshi ka riƙa yankawa a kan dukan ganga.

Batun kuɗi kuwa, kalli Here It Goes Again na OK Go, 2006. Mutum huɗu ne a kan injinan gudu na motsa jiki takwas, kyamara ɗaya a tsaye, ɗauka ɗaya ba yanka. A YouTube ya yi suna, ya ci kyautar Grammy a 2007. Dabara ɗaya ce aka yi ta maimaitawa har ta nuna.

Hajiya Uwar Gida:
Ni ba 'yar sana'arku ba ce, ɗana ne ke damuna da jitar nan a gida. Abin da zan ce, kada a kwaso fashe-fashen kaya da tsallen hauka a kawo unguwa. Iyayen yaran nan ma masu kallo ne, ko ba a gayyace su ba bidiyon zai iso wayarsu. In a cikin unguwa za ku ɗauka, ku gaida mai unguwa tukuna. In kuma a Kano kuke, akwai hukumar tace fina-finai, ku nemi sanin ƙa'idarta kafin ku saki.

Mai Kyamara:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kwana ina kallon waɗanda kuka ambata, na Radiohead ɗin nan na mai kwanciya sau huɗu na maimaita, har yanzu haushi nake ji. Ɗazu na je ɗakin da suke atisaye, shagon tela ne da aka daina amfani da shi, katifa jingine da bango don rage ƙara, fanka ɗaya mai kuka. Na ce a nan za mu yi. Mai gangar har da tafa mini.

Ga abin da ya zo mini: suna cikin kiɗa a ɗauke wuta a tsakiyar waƙa, amshi na ƙarshe su yi shi da fitilun waya. A tsakani kuma in riƙa nuna hannun wani yana goge rigar zuwa neman aiki da dutsen guga na gawayi, yana ratayewa, gobe ya sake gogewa, ba za a ga fuskarsa ba. Anti, wannan na biyun ne ko na ukun? Sannan in nemi ƙarin kuɗi ko in haƙura?

Anti Malama:
Na biyun ne, kuma kada ka nuna ya samu aikin a ƙarshe, bar rigar a rataye. Fitilun wayar su zama da yawa, saboda maganar Ɗan Damagaram. Kuɗi kuwa haƙura za ka yi, kai ne ba ka zauna ka saurari waƙar da su ba kafin ka aro mota. Su dai kawo kuɗin man janareta da abincin ranar.

Na Bakin Kasuwa:
In ana neman mai guga, ina da dutsen gawayi, hayarsa ɗari biyar.