Ko a fara labarin da bai ƙare ba?

A majalisarmu ta bayan la'asar a Garwa ta Kamaru, wani ƙaninmu ya tambaya ko ya fara karanta A Song of Ice and Fire, jerin littattafan almara na marubucin Amurka George R. R. Martin. Na farko ya fito a 1996, na biyar a 2011, sauran biyun da za su kammala labarin har yau shiru.

Yawancinmu mun ce ya karanta, ni ma haka nake gani, don ukun farko kaɗai sun isa su gamsar da mai karatu. Malam ya ce wanda ba ya jure jira ya nemi labarin da aka kammala. Wani kuma ya ce ya fara aron na farko kafin ya kashe kuɗinsa, tunda fassarar Faransanci an rarraba ta littattafai da yawa.