Hawainiyar da muke kiwo ta daina cin abinci, idanunta sun zurma

Mai tambaya, Ƙofar Marusa, Katsina:

Assalamu alaikum. Ɗana yana kiwon wata hawainiya da aka kamo masa a lambu tun ƙarshen damina, mun ajiye ta a ɗaki cikin akwatin gilashi irin na kifi, tare da reshen itace da ƙaramin kwanon ruwa. Da farko tana cin ƙudaje da kyankyasai, amma tun da hunturu ya shigo ta rage ci, idanunta sun zurma, tana rufe su da rana, kuma idan ta harba harshenta ba ta samun abin da ta nufa. Ina neman shawarar waɗanda suka san wannan dabba.

Malamin kimiyyar halittu, Rafindadi:

Wa alaikumus salam, Malam. Zurmawar idanu alamar ƙishirwa ce mai tsanani, kuma kwanon nan ba zai magance ta ba, domin hawainiya ba ta saba shan ruwan da ke kwance ba. Raɓa da ɗigon ruwan sama take lasa a jikin ganye. A hunturun Katsina, da iska take busar da komai, dole ne a riƙa fesa ruwa a kan ganyen da take kai safe da yamma, ko a huda gindin robar ruwa da allura a ɗora ta a saman keji tana ɗiga a hankali. Ka dubi kashinta: akwai wani ɓangare da ya kamata ya fito fari, idan ya koma ruwan ɗorawa ko ruwan goro, ruwan jikinta ya yi ƙasa.

Abin da ya fi damuna shi ne harshen, domin kuskuren da yake yi yana iya zama alamar ƙarancin sinadarin kalsiyam a jikinta. Jikin hawainiya yana buƙatar wani kaso na hasken rana da ake kira UVB domin ya samar da bitamin D3, wanda idan babu shi ba za ta amfana da sinadarin kalsiyam da ke cikin abincinta ba, gilashi kuwa yana tare wannan haske ko da an ajiye akwatin a bakin taga. Idan abin ya daɗe sai ƙasusuwa su yi laushi, ƙafafu su lanƙwashe, muƙamuƙi ya saki, riƙonta ya yi rauni har ta riƙa faɗowa daga reshe. Ka sa kafinta ya haɗa keji mai tsayi da ragar waya, a cika shi da rassa masu ganye, a fitar da shi rana da hantsi, amma a bar gefe guda cikin inuwa domin ta zaɓi inda take so. Kada a kuskura a fitar da ita rana cikin akwatin gilashin, zafi zai taru a ciki ya kashe ta, balle idan bazara ta zo ana haura digiri 40.

Mai kiwon kaji, Daura:

Malam ya gama magana a kan ruwa da rana, ni abincin zan taɓa. Kyankyason gida abin tsoro ne, saboda yawancin gidaje ana fesa maganin ƙwari, wanda ya sha magani bai mutu ba shi ne yake da sauƙin kamu. Haka farar da aka kamo a gonar da aka yi wa feshi, da kuma farar nan mai launi-launi da ake gani a jikin tumfafiya, wadda take ɗauke da dafin tsiron a jikinta. Ku nemi gyare da ƙananan fara masu rai, waɗanda kaurinsu bai wuce tazarar da ke tsakanin idanunta ba. Soyayyar farar da ake sayarwa a bakin hanya ta mutane ce, ita ba ta kula abin da ba ya motsi. Kafin a ba ta, a tsare ƙwarin kwana guda ana ciyar da su ganyen zogale da karas, sannan a barbaɗa musu garin ɓawon ƙwai da aka dafa, aka shanya, aka daka ya yi laushi kamar hoda, domin ta sami kalsiyam. Yaron kuma ya rage ɗaukarta, domin yawan taɓawa yana firgita ta har ta yi duhu ta ƙi ci, ya kuma wanke hannu da sabulu duk lokacin da ya taɓa ta. Ba ta da dafi kamar yadda ake faɗa, amma dabbobi irinta suna ɗauke da ƙwayar cutar da ke kawo gudawa.

Mai tambaya:

Na gode, Malam, na gode, Hajiya. Shin ba zai fi ba mu mayar da ita lambun da aka kamo ta?

Ma'aikacin lafiyar dabbobi, Katsina:

A ganina mayar da ita shi ne daidai, amma ba yanzu ba, domin hawainiyar da ba ta iya kama ƙwaro ba za ta yi nisa ba. Rufe ido da rana alama ce cewa ciwon ya yi nisa, saboda haka a kai ta wurin likitan dabbobi tare da sabon kashinta, tunda waɗanda aka kamo a daji sukan zo da tsutsar ciki. A duba cikin bakinta ko akwai kumburi ko wani abu mai kama da cuku a dasashi. Idan mace ce kuma cikinta ya yi girma, a sa mata bokiti cike da yashi mai danshi a cikin kejin, domin idan ba ta sami wurin haƙa ba takan riƙe ƙwai har ya halaka ta. Kada a ɗura mata ruwa da sirinji, yana iya wucewa huhu. Idan ta murmure, a jira ruwan sama ya sauka, ganye da ƙwari su dawo, sannan a sake ta a lambun da ba a yi wa feshi.