Masu sauraron littafin aljanu a waya, me ya taɓa faruwa da ku?

Ummu Hanan:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Sati biyu ke nan na maƙale wa wani littafin sauraro a YouTube, kashi 46 ne, ina na 31. Labarin wani gida ne da kakansu ya ƙulla alƙawari da mutanen ɓoye na cikin tsamiyar tsakar gida. Da aka tashi auren 'yar farin gidan, dangin ango suka kawo lefe akwati shida, washegari aka ƙirga aka ga bakwai. Ba wanda ya san mai na bakwan, ga shi ranar sa lalle, lallen ya kama hannu ɗaya na amarya ya ƙi ɗayan. Ba zan faɗi sunansa ba, kada a ce talla nake yi.

Na karanta irinsa da ido ba adadi, ko gezau. Amma shekaranjiya ina wanke-wanke bayan isha'i, aka ɗauke wuta daidai lokacin da mai karatun ta sauke murya tana kwaikwayon tsohuwar aljana. Wallahi a tsakar gida tukwanen suka kwana. Ni kaɗai ce, ko akwai 'yan'uwana?

Tela Ɗanliti:
Hajiya, ba ke kaɗai ba ce. Mu teloli da shi muke kwanan ɗinkin sallah. Da ido ba ka isa ka yi karatu kana taka keke ba, amma kunne ba aikin da yake yi. Goman ƙarshe na azumin bara mu huɗu a shago muka saurari wani mai kama da naki a sifika. Wajen ƙarfe biyu na dare aka zo inda amarya ta ɓace daga cikin motar kai ta, sai aka ƙwanƙwasa ƙofar shago. Ba wanda ya motsa. Ashe mai kaya ne ya zo duba ko an sa masa aljihu.

Amaryar Bana:
Ni dai shawara: mai shirin aure ta ajiye irin wannan sai bayan biki. Ana saura kwana goma na fara wani, ranar jere sai da na sa ƙanwata ta ƙirga akwatuna sau biyu. Daren kai ni ana ta sayen baki, ƙawaye na ciniki da abokan ango, ni kuwa a cikin lulluɓi ƙafafun mutane nake leƙe, ko zan ga mai kofato.

Yaya Binta:
Nawa daban ne. Kakarmu ba ta yi boko ba, idonta ma ya yi rauni, shekara da shekaru tana ganin muna riƙe da littattafan nan tana cewa aikin banza. Da na kunna mata ɗaya, sai ga Inna ta zama ita ke tambaya ko an saki na gaba. Ba tsoro take ji ba ko kaɗan, gyara take yi. Aka ce an yi kamu bayan ɗaurin aure, ta ce mai rubutun nan ba ta taɓa zuwa biki ba. Aka sa aljani ya fito da tsakar rana yana dogon bayani, ta ce wannan ai mutum ne, aljani ba ya yawan magana. Inda aka ambaci Jangare kuwa, birnin iskoki a wajen 'yan bori, sai ta yi shiru, daga baya ta ba mu labarin wata maƙwabciyarsu da ake yi wa girka suna yara, abin da ba ta taɓa faɗa mana ba. Yanzu in zan kunna sai ta ce "ta zo mu ji ta", kamar tatsuniya.

Malam Na Zariya:
Inna ta yi gaskiya, tatsuniyar ce ta dawo ta waya. Aljanu kuma ba baƙi ba ne a littafin Hausa: Ganɗoki na Bello Kagara, cikin littattafan gasar da aka shirya a Zariya a 1933, har ƙasarsu ya je. Abin da ya fi ba ni haushi a yanzu shi ne masu sa muryar kwamfuta ta yi karatun. Na ji wani inda aka ce amarya ta tsaya gindin kuka tana kuka, na'urar ta furta su iri ɗaya sak, ba karin sauti. Ƙ da k duk ɗaya ne a wajenta, ƙofa ta zama kofa. Minti biyar na kashe.

Hadiza Maraɗi:
Mu nan kuɗin data ke hana mu bin kashi-kashi. Memori nake kai wa masu turi a kasuwa su zuba mini littafin duka. Wata rana sai da na kai ƙarshe na gane kashi uku na ƙarshe babu. Har yau ban san wa ya sace amaryar ba.

Marubuciya Ce:
Ku yi haƙuri in ɗan ɓata muku hira. Littafina da na yi wata biyar ina rubutawa, ina sayarwa ta WhatsApp, wata rana na tsince shi a wata tasha ana karantawa, ba izini, ba ko sunana. Abin takaicin, mai karatun ta iya, har ni da na rubuta sai da tsigar jikina ta tashi. Don Allah ku riƙa duba ko an ambaci mai littafin.

Ummu Hanan:
Allah ya bi miki hakkinki Anti, na duba nawa, da sunan marubuciyar a kowane kashi. Yaya Binta, a gaishe da Inna, a tambayar mini ita ko lalle na iya ƙin kama hannu ɗaya ba tare da aljani ba. Na kai kashi 34, da rana nake ji yanzu, kuma zargina ya koma kan gwaggon amarya.