An yi mini tayin tsohuwar bindigar soja, ina neman shawara

Manomin Pitowa: Assalamu alaikum. Ina noman masara da gyaɗa a wajen Garwa, a arewacin Kamaru, kuma birai da gadu suna yi mini ɓarna kowace damina. Wani mutum ya kawo mini tayin bindiga MAS-36, ya ce ta kakansa ce wanda ya yi soja a zamanin Faransa, kuma kuɗin da ya faɗa bai kai rabin na sabuwar bindigar farauta ba. Ina roƙon manya da suka san harkar su gaya mini abin da ake dubawa kafin a biya, da kuma yadda batun takarda yake.

Tsohon Mafarauci: Wa alaikumus salam, ɗana. Na san wannan bindiga. A Saint-Étienne ta ƙasar Faransa aka ƙera ta, sojojinsu suka karɓe ta a 1936, tana ɗaukar harsashi 5 mai awon 7.5×54, kuma ana gane ta da hannun sakatarta da ya lanƙwasa gaba da kuma banatin da ake sokewa a ƙarƙashin bututu. Abu na farko da ya kamata ka sani shi ne ba ta da makullin kunama ko kaɗan, wato abin da ke hana bindiga tashi bisa kuskure, saboda haka wanda ya ɗura ta ya shiga ciyawa da ita a kafaɗa ya sa kansa da abokin tafiyarsa cikin haɗari.

Idan ana duba irinta, sai a tabbatar babu harsashi a ciki, a zare sakata, a ɗaga bututun wajen haske a leƙa daga baya. Ya kamata zanen da ke murɗe a cikinsa ya fito sarai. Idan ka ga cikin ya yi baƙi da ƙananan ramuka kamar zanzana, to tsatsa ta riga ta ci ƙarfen, domin tsofaffin harsasan soja suna barin wani gishiri da ke jawo laima, kuma mai da ake shafawa daga baya yana ɓoye ɓarnar ne kawai. Sannan a gwada lambar da ke jikin bindigar da ta jikin sakata. Idan sun bambanta, an haɗa ta ne daga bindigogi biyu, kuma wataƙila sakatar ba ta rufe gindin harsashi daidai, wanda shi ne ke sa kwanso ya fashe kusa da fuskar mai harbi. Wannan kuwa ido ba ya gane shi, sai ƙwararren mai gyara da ma'auninsa. A duba katakon kuma, musamman inda hannun dama ke kamawa, don nan ne tsagewa ke farawa.

Malamar Marwa: Baba ya yi bayani mai amfani, amma Malam, ni ina ganin tambayarka ta biyu ce ya kamata ta zo farko. Doka mai lamba 2016/015 ta ranar 14 ga Disamba 2016 ta kasa makamai kashi 8 a Kamaru, ta sa bindigogin da aka ƙera domin yaƙi a rukuni na farko, na farauta kuma a rukuni na biyar. Izinin sayen bindiga daga Ma'aikatar Mulkin Yankuna yake fitowa, kuma ana samunsa ne kafin a saya, da sunan mai sayen. Labarin kaka ba ya zama takarda. A wannan yanki namu, inda ake fama da Boko Haram da masu tare hanya da masu satar mutane, jandarman da ya sami bindigar soja a ɗakinka ba zai tsaya jin zancen birai ba, kuma ba ka da hanyar sanin abin da aka aikata da ita kafin ta zo hannunka. Arhar da aka yi maka ma abin tsoro ce a wurina.

Tsohon Mafarauci: Gaskiyarki, 'yata, kuma akwai ƙari. Ko da ƙarfenta lafiya lau yake, harsashinta ba ya cikin abin da shagunan farauta suka saba ajiyewa, wanda ake samu a ɓoye kuwa ya shekara da yawa cikin zafi, wani ya ƙi tashi, wani ya yi jinkiri sannan ya tashi bayan mutum ya sauke bindiga. Ga shi harsashin yana tafiya nesa ƙwarai, alhali gonakinmu a jere suke, da yara da makiyaya a tsakani. Bindigar farauta mai lamba 12, wato irin mai watsa ƙananan dalma, daga dillali mai lasisi ta fi dacewa da gona, tare da takardar farauta daga Ma'aikatar Gandun Daji da Namun Daji, wadda ita ce kuma ake kai wa ƙorafin ɓarnar dabbobi.

Manomin Pitowa: Na gode, Baba, na gode, Malama. Zan gaya wa mai ita na fasa. Wanda ya taɓa neman izinin bindigar farauta a Garwa, don Allah ya faɗa mini takardun da ake haɗawa da ofishin da ake fara zuwa.