Badagry da Legas: ina ake samun abincin kirki?

Ɗan Rafindadi: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Yau dai sai na amayar da abin da ke cikina. Wani sha'ani ya kai ni Badagry makon jiya, wallahi yunwa ta ci ni kamar ba a Najeriya nake ba. Gari a bakin teku, ka ce kifi zai yi ta bin ka, amma duk gidan abincin da na shiga, ko dai miya ja wur da barkono har hawaye, ko su caje ka kuɗin da zai ciyar da gida guda. Wani wuri mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, na yi odar shinkafa da kifi, aka kawo mini kifin da na tabbata ya kwana biyu a firji. Na dawo Legas, nan ma dai kanwar ja ce, sai cunkoso ya ƙaru. Ni dai na yanke hukunci: a wannan ƙauyen da birnin da ke kusa da shi babu abincin kirki. Wanda ya san wani wuri ya faɗa, don zan koma bayan sallah.

Auta: Sannu Yaya. Allah ya kiyaye gaba. Tsarabarmu fa?

Malamar Faransanci: Wa'alaikumus salam. Sannu da hanya. Amma don Allah Malam, wane ne ƙauyen? Badagry?

Ɗan Rafindadi: Ita fa, Malama.

Malamar Faransanci: A'a, wannan kam ban yarda ba. Na zauna garin lokacin da jami'a ta tura mu cibiyar koyon Faransanci da ke can. Garin da ke da bene tun 1845, wanda ake kira benen farko a Najeriya, shi ne ƙauye? Ga kwalejin ASCON a Topo, inda manyan ma'aikatan gwamnati daga ko'ina suke zuwa kwas. Ƙaramar hukuma ce guda, da sarkinta, Akran. Ka ce abinci bai yi maka ba, wannan bakinka ne, ba mai ja da kai. Amma ƙauye?

Jikan Daurama: Malama ki bar shi. Haka Katsinawa suke. Duk garin da ba shi da Ƙofar Soro ƙauye ne a wurinsu. Mu ma haka suke ce mana, alhali lokacin da Bayajidda ya kashe macijiya a Kusugu ko harsashin Gobarau ba a haƙa ba.

Ɗan Rafindadi: To ga shi nan. Ana maganar tuwo ka kawo macijiya.

Alhajin Agege: Yaro, tsufan gini ba shi ke sa gari ya zama birni ba. Na yi shekaru ina bin hanyar nan zuwa Seme, kan iyakar Benin. Kana wuce Agbara hankalinka zai ba ka ka bar Legas. In ka auna ta da Ikeja ko Oshodi, ƙauye ce. Yaron bai yi ƙarya ba.

Malamar Faransanci: Baba, da girmanka, in da Oshodi za a riƙa aunawa ai Katsinar ma sai a kira ta ƙauye.

Bakatsinen Asali: Malama a kiyaye harshe. Ta Dikko ɗakin kara. Babban birnin jiha tun 1987. Kada a haɗa mu da garin masunta.

Jikan Daurama: Ka ji ko? "Garin masunta." Su kuma garin me? Ku faɗa mana.

Bakatsinen Asali: Garin malamai. Ka je ka tambayi inda su Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu.

Jikan Daurama: Kwalejin da aka ɗauke aka kai Kaduna, daga can Zariya, ta koma Barewa? Ai da ta ji daɗin zama da ba ta tashi ba.

Maman Biyu: Innalillahi. Bawan Allah ya tambayi inda zai ci abinci, kun kai mu Barewa.

Direban Tirela: Bari in sa baki, don ni cikina ne ya san hanyar nan ba labari ba. Kuskuren ɗan'uwa shi ne shiga wuri mai gilashi. A kudu in kana son abinci, duba inda direbobi da 'yan acaɓa suka yi layi, inda tukunya ke ƙarewa kafin la'asar. Abincin da ke ƙarewa kullum ba ya kwana. Buka suke ce wa irin wurin. Kuma maganar barkono, kada ka wahalar da kanka da cewa a rage, don ba barbaɗawa suke ba, da shi aka markaɗa miyar tun farko. Ka ce a zuba maka ewedu da yawa, jar miyar kaɗan a gefe. Ewedun nan lalo ne, lalon da muka sani. Gbegiri kuma miyar wake ce. Da amala ka ci ka ƙoshi lafiya lau.

Ɗan Rafindadi: Amalar nan baƙa? Ko kallonta ba na iya yi.

Direban Tirela: Garin busasshiyar doya ce kawai. Kai da ke cin tuwon dawa da miyar kuka kake ƙyamar launi?

Bakatsinen Asali: A'a direba, kada ka taɓa miyar kuka.

Malamar Faransanci: Ni har yanzu ba a janye kalmar ba. Kuma wani ya ce garin masunta kamar zagi ne. Mutanen Ogu, waɗanda ake ce wa Egun, su ne suka fi yawa a garin, kuma su ne ma dalilin da zai sa ka samu kifin da kake nema. Shi ɗan'uwa a ina ya nema? Garin kansa a bakin tafkin da ke bin gaɓar teku yake, sai ka shiga kwalekwale ka haye zuwa Gberefu kafin ka taka yashin teku, can inda aka riƙa lodin bayi. Ka sauka bakin ruwa da safe lokacin da masunta ke dawowa, ka zaɓi kifinka da idonka. Ka ɗaga kunnensa, in ja ne jawur, idon kuma garau, na yau ne. Ku yi ciniki tun kafin a ɗora shi a wuta, in ba haka ba kuɗin baƙo za a yanka maka. Akwai mata masu gasawa nan kusa. Ga kwakwa kuma, ita ce abin da aka san garin da shi, a fasa maka ɗanya ka sha ruwan.

Alhajin Agege: Duk wannan wahala ce, 'yata. Mutum ya je neman kuɗi, sai ya koma ɗaga kunnen kifi? Kai yaro, saurara. A kan hanyar Badagry ɗin nan, wajen Ojo, akwai Alaba Rago. Mutanenmu ne. Tuwo, waina, fura, balangu, duk abin da ka baro gida. In ka shigo gari ka nufi Agege ko Idi-Araba ko Mile 12. Da dare kuma Obalende, tsire. Ka ci abin da ka sani, ka san wanda ya yanka. Shi ke nan.

Maman Biyu: Baba Alhaji, to in tuwo zai ci me ya kai shi bakin teku? Ai da ya zauna Ƙofar Ƙaura.

Alhajin Agege: Ya ce miki yawon buɗe ido ya je?

Auta: Ni dai a waya nake dubawa. Ka buɗe Google Maps ka rubuta gidan abinci, ka ɗauki mai taurari da yawa.

Ɗan Rafindadi: Auta, mai gilashin nan da taurarinsa na same shi.

Direban Tirela: Matar da ke tuƙa amala a bakin tasha ina ta ga lokacin tara taurari?

Ustazu: Assalamu alaikum. Maganar Alhaji a kan yanka tana kan hanya, mutum ya tambaya kafin ya ci nama, musamman inda ake haɗa naman daji a tukunya. Amma Musulmi suna da yawa a Legas, a Badagry ma akwai su tun da daɗewa. Mafi sauƙi, ka yi sallah a masallacin unguwa ka tambayi jama'a inda suke ci. Abin teku kuwa ba ya buƙatar yanka.

Bakatsinen Asali: Malam har da ƙaguwa? Da wannan jatan landen mai gashin baki? Ni na ji an ce makaruhi ne.

Ustazu: A wurin wa ka ji? Aya ta 96 a Suratul Ma'ida ta halatta farautar teku da abincinsa. Hadisin da ke cewa ruwan teku mai tsarkakewa ne, mushensa halal ne, yana cikin Muwaɗɗa. A mazhabar Malikiyya da muke bi, ƙaguwa da jatan lande duk sun halatta. Hanafawa ne suka taƙaita a kan kifi.

Bakatsinen Asali: To ni dai a nan ɗaya na bi Hanafawa.

Ustazu: Ba a zaɓen mazhaba da ƙyanƙyami, ɗan'uwa. Ka ce ranka bai so, ya wadatar.

Jikan Daurama: Mutumin da iyakar ruwan da ya sani dam ɗin Ajiwa ne ina zai iya da ƙaguwa.

Bakatsinen Asali: Kai kuma tekun Daura ne ya koya maka? Rijiya ɗaya kuke ta nuna wa baƙi shekara da shekaru. Mu ga Ajiwa, ga Zobe a Dutsin-ma, ga Jibiya. Tarwaɗa da karfasa har sai ka ture.

Jikan Daurama: Zobe ta zama ta cikin birni yanzu? To mu ma ga Sabke.

Maman Biyu: Kifin dam daban, na ruwan gishiri daban. Ni da na je wurin ƙanwata a Legas na ci wanda suke kira kuroka, gasasshe da soyayyar ayaba, ƙaya kaɗan, tsoka fara. Ban ga abin kushewa ba. Da safe kuma ewa agoyin, wake ne da aka dafa ya yi luguf, da wata baƙar miyar manja da albasa, a haɗa da burodin Agege. Kuɗi kaɗan, ka wuni ba ka nemi komai ba. Yaji kam akwai shi, ba zan ɓoye ba.

Alhajin Agege: Burodin dai na yarda. Unguwarmu ce.

Ɗan Rafindadi: Ni fa da na ce ƙauye ba raini nake nufi ba. Ƙarfe tara na dare na fito neman abinci, ko'ina an rufe, titi duhu. A Katsina ƙarfe sha ɗaya za ka samu mai shayi da mai tsire. Wannan nake nufi.

Malamar Faransanci: Yanzu kuma ma'anar ta sauya. Ɗazu barkono ne da tsada, yanzu duhu. Wace unguwa ka sauka? Ka je wajen shataletalen garin, ko kasuwar Agbalata da rana?

Ɗan Rafindadi: Ban riƙe sunan unguwar ba.

Malamar Faransanci: To ka ga.

Bakatsinen Asali: Malama kin fi 'yan garin zafi. Ko an ba ki sarauta a can ne?

Malamar Faransanci: Ba a ba ni ba. Na ci gishirinsu ne, kuma ba sa nan balle su kare kansu. In wani ɗan Legas ya kwana ɗaya a tashar mota a nan ya koma ya rubuta cewa Katsina ƙauye ce babu abinci, kai ne za ka fara tayar da jijiyar wuya.

Jikan Daurama: Allah ya biya ki, Malama.

Bakatsinen Asali: Kai dai duk inda aka soki Katsina nan za a gan ka da tafi.

Direban Tirela: Ku yi ta yi. Ɗan'uwa, in ka tashi komawa ka bar Mile 2 da sassafe, don hanyar ba ta da tabbas, kada dare ya sake yi maka. Kuma ka ci abincinka mai nauyi da rana.

Auta: Yaya har yanzu ba ka ce komai kan tsaraba ba.

Shugaban Zaure: Jama'a ya isa haka, saƙonni sun yi yawa, dattawa suna ƙorafi. Ga abin da aka cimma. Na ɗaya, kusan kowa ya yarda cewa ɗan'uwanmu an zalunce shi, kuma abincin can sai mai ƙarfin hali. Na biyu, shawarar da ta fi nauyi ita ce ta Baba Alhaji, wanda ya fi mu sanin ƙasar: wanda ya je ya tsaya Alaba Rago ya ci ya ƙoshi kafin ya ƙarasa, a cikin gari kuma Agege ko Obalende. Maganar ƙauye, ɗan'uwa ya yi bayanin abin da yake nufi kuma bayanin ya gamsar, Badagry dai ba ta kai Katsina ba, wannan ba abin musu ba ne. Malama ta kawo tarihi, mun gode, sai dai ba tarihi aka tambaya ba. Batun ƙaguwa akwai saɓanin malamai, don haka barinta ya fi. Jikan Daurama, kai ka karkatar da zancen tun farko, wannan gargaɗi ne, in aka sake sako Daura cikin maganar da ba ta shafe ta ba zan cire mutum na mako guda. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba kuma su tuntuɓi ma'aji kafin Juma'a.