Karas ɗina yana fitowa da ƙafa biyu, ina mafita?

Assalamu alaikum 'yan uwa manoma. Shekara biyu ke nan ina fama da matsala ɗaya, dabarata ta ƙare.

Irin karas da ake kira Nantes nake shukawa. Ganye kam sai son barka, kore shar, amma ranar cira sai raina ya ɓaci. Kusan rabi suna fitowa da rassa biyu ko uku, wasu gajeru, wasu sun tsage daga sama har ƙasa. Masu saye ko kallonsu ba sa yi.

Bara na ɗora laifin a kan kashin kaji, domin ɗanye na zuba, kuma an ce ɗanyen taki yana sa saiwa ta rabu. Bana sai da ya ruɓe sarai na sa. Na yi kaftu mai zurfin santimita 30, na tsince duwatsu, na rage tsiro ya zama tazarar santimita 5. Tsagewar ta ragu da na daidaita ban ruwa, wannan kam na gane laifina ne, nakan bari ƙasa ta bushe sannan in malala mata ruwa. Rabuwar ce ta ƙi tafiya.

Abin da ya fi tayar mini da hankali, na ga ƙananan ƙulli a jikin siraran saiwoyin. Tumatir na noma a wurin kafin karas. Shin tsutsar nan ce ta cikin ƙasa da ido ba ya gani? In ita ce, me zan shuka a wurin ya karya ta, kuma shekara nawa zan jira kafin in dawo da karas? Ko kuwa laka ce ta yi yawa?